Zoben da Na Yi wa Garinmu a Waya

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na ƙasar Makarfi ya san abin da wannan yake nufi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni wajen Goggo, yayar mahaifinmu, a ɗakinta na girma. Idan dole ta kama Inna ta yi maganata, sai ta ce "na wajen Goggo". Da na gama karatu na zama malamin dabbobi sai na samu ƙarin girma, na koma "mai allurar shanun nan". Goggo ta rasu, mahaifinmu ya rasu, furfura ta fara leƙo min a gemu, amma kunyar nan tana nan daram.

Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Kunya ce, kuma a wurinmu abin yabo ce. Inna kuwa tana da jinin Fulani ta wajen uwa, saboda haka tata kunyar har da ƙarin gishiri. Amma sani daban, zuciya daban. Zan taso daga Hunkuyi, inda nake zaune da iyalina, in sha rana a kan babur har ƙauyenmu da ke gefen Nasarawan Doya, in durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta in gaishe ta. Sai ta dubi bango, ko kajinta, ta ce, "An zo lafiya? Ya aka baro mutanen gidan?" Shi ke nan. Can sai ƙanwata, autarmu, wadda take aure a nan cikin gari, ta shigo. Yanzu za ka ji Inna ta saki baki, ana hira ana dariya har da tafawa, ni kuwa ina gefe a kan tabarma kamar baƙon da ya tsaya tambayar hanya.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. So nake in gani da idona, ko sau ɗaya ne, cewa zuwana da rashin zuwana ba ɗaya ba ne a wurin matar nan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don wa zai ji ƙato da gemunsa yana irin wannan magana bai yi masa dariya ba?

Ana nan sai aka kira mu wani ɗan horo a wurin aiki. An samu ɓullar ciwon huhu a shanun wasu rugage, aka ce daga yanzu kowa da taswirar waya zai riƙa fita. Malamin da ya zo koya mana ya nuna yadda za ka buɗe taswirar, ka dangwala yatsa a kan ruga, ka ja zobe ya kewaye ta. Da zarar ka tsallaka zoben nan da wayarka a aljihu sai ta yi ƙara, ta tuna maka cewa ka shigo yankin ciwo, ka kula da takalminka da kayan aikinka. Idan ka fita ta sake yi. Ya ce har ma ana iya haɗa ta da wayar wani, shi ma ya riƙa jin shigarka da fitarka yana zaune a inda yake. Nan take abokan aikina suka fara gunaguni, wai an samo dabarar da oga zai gane mai shiga daji da mai kwanciya a gindin mangwaro. Ni kuwa abin ya riga ya tafi da ni.

Ranar da na fara gwadawa, a wajajen Malikanchi ne. Fili ne fetal, ba shinge, ba kara, ba dutse, sai burtali da wasu 'yan geza nan da can. Ina cikin tafiya sai na ji ƙirrr a aljihuna. Na taka burki da ƙarfi. Wallahi har ƙasa na duba, ko zan ga inda aka ja layin. Babu komai! Na juya babur na koma baya, ta yi ƙara. Na sake dawowa, ta sake yi. Daɗi ya kama ni, na yi ta kai da komo ina dariya ni kaɗai. Wani Bafulatani da ke kiwo a gefe ya saƙala hannuwansa a kan sanda yana kallona, da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne sai ya ce, "Malam, wani abu ne ya faɗi?"

Na ce, "Shinge nake tsallakawa."

Ya dubi filin, ya dube ni, ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Ya kora shanunsa ya ƙara nisa da ni.

A kan hanyar komawa gida dabara ta faɗo min. Inna ba za ta taɓa buɗe baki ta ce yaushe zan zo ba. Ko na buga 'yar ƙaramar wayarta, in auta tana kusa ita take miƙa wa. To, idan na yi wa garinmu zobe, na haɗa shi da wata waya a ɗakinta fa? Ba ta tambaya ba, ban aika ba, ba wanda ya zubar da kunyarsa, amma za ta san ina tafe kafin in iso. Ni kuma in ga abin da za ta yi da wannan sanin. Tarko ne na ɗana wa uwata, ba zan ɓoye ba, kuma tunda nake ban taɓa ɗana tarkon da nake ɗokinsa kamar wannan ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya na ɗauki tsohuwar wayata, na goge ta tas, na sa mata layi da data, na nufi gida. Na aika aka kira auta. Ita dama ba ta da wuyar zuga, tana jin bayanin ta buga cinya ta ce, "Yaya, ashe dai bokon nan naka zai yi mana rana!" Muka zauna a inuwar rumfa muna haɗa wayoyi. Inna tana daga can gefe tana tsince wake a faifai, ko kallonmu ba ta yi ba.

Da farko ɗan ƙaramin zobe na yi, iya gidan kawai, don gwaji. Da yake Inna ba ta karatun boko, sai na kunna wurin da waya take karanta saƙo da murya. Na bar wa auta wayar a ɗakin Inna, na fita na yi tafiya har bayan masallaci, sannan na juyo ina tafe ina murmushi kamar sabon ango. Tun daga zaure na fara jin auta tana ƙyaƙyata dariya har da tari. Na shiga na tarar da ita a tsakar gida ta riƙe ciki, Inna kuma tana tsaye a jikin rumbu, fuska a murtuke.

Ashe ina tsallako zoben, wata Baturiya da ke cikin wayar ta ɗaga murya ta rangaɗa sunana. Sunana na yanka, ɗungurungum, a tsakiyar ɗakin Inna, inda bai taɓa shiga ba tun ranar suna! Kuma ko iya faɗinsa ba ta yi ba, ta karya shi ta murɗe. Auta ta ce Inna ta shigo ɗaukar wani abu ke nan abin ya faru. Sai ta yi wuf ta kife wayar da faifai, ta ɗora ƙwarya a kai, ta fice.

Inna ta dubi auta ta ce, "Wace marar kunya ce wannan kuka kawo min? A fitar min da ita daga ɗaki."

Muka sallami Baturiya. A madadinta na zaɓo sauti biyu. Na shigowa siriri ne mai kaifi, kamar an buga cokali a tasa. Na fita kuwa mai kauri ne, yana sauka ƙasa. Auta ta yi ta maimaita su da ƙarfi, wai ni take koya wa, alhali duk mun san kunnen da ake nufi.

Saura zana zoben gaske. Auta ta ce a bar shi iya gida. Na ce ina, ai kafin wayar ta rufe baki na riga na yi sallama, ina amfanin baɗi ba rai? Dole a buɗe shi yadda mutum zai samu lokacin kimtsawa. Na sa yatsa na ja, ya haɗiye masallaci da rijiya da makarantar firamare. Na ƙara ja, ya kai bakin maƙabarta. A nan na tsaya, don Baba da Goggo suna ciki. Ta yaya zan ce ga garinmu, in bar su a waje? Na ja ya rufe su. Auta ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "To, Yaya, gonar Baba ta fadama fa? Raken da muka sha a wurin ai ya isa a ce ita ma gari ce."

Gaskiyarta. A wurinmu gari ba ya ƙarewa a gidan ƙarshe, sai inda fartanyar mutanensa ta tsaya. Na sake ja har sai da fadamar ta shigo. Shi zobe kuwa ba irin iyakar gona ba ne da za ka tura gefe ɗaya ka bar sauran. Kana jan gabas, yamma ma tana kumbura. Muka zuba masa ido a kan taswira, ƙato, shuɗi, ya rungume garin gaba ɗaya, muna ta yaba kanmu.

Inna ta ce, "Ni dai ba ruwana da kayan wasanku." Auta ta yi kamar ba ta ji ba. Ta sa wayar a wata 'yar jaka, ta rataye ta a ƙusar da ke jikin taga, inda sabis ya fi kamawa, ta ce ita za ta riƙa ɗauka tana yin caji a solar gidanta. Muka jira Inna ta ce a sauke. Ba ta ce ba.

Na daure na yi 'yan kwanaki ban je ba, sannan wata rana da hantsi na kama hanya ban gaya wa kowa ba. Na wuce Makarfi ko tsayawa ban yi ba. Da na hango raken fadama na san na tsallaka, sai na rage gudu, ina tafe ina ayyana abin da ke faruwa a ɗakin. Ta ji kuwa? Ko tana bayan gida? Ko akuya ta yi kuka daidai lokacin? Na jingine babur na yi sallama.

An shimfiɗa tabarma a inuwa, sabuwar, ba wadda kaji suka saba hawa ba. Ga buta cike da ruwa. Ga ƙwarya a rufe da faifai. Inna tana zaune ta ba ni gefe, tana sassaƙar kara da wuƙa kamar aikin da ta tashi da shi ke nan tun asuba. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "An zo lafiya? Akwai sauran fura can, in ana sha."

Sauran fura! Na buɗe faifai na ga ƙwarya maƙil, nono na yawo a sama, ludayin ma bai bushe ba. Na saci kallon hannunta, ga ɗan farin nono a gefen babban yatsa. Na sha furar nan har sai da numfashina ya fara yin sama-sama. A hanyar komawa waƙa na riƙa yi a kan babur, ni da ko a bikina ban yi waƙa ba.

Na isa gida na zayyana wa matata komai, har da ludayi. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Allah sarki. Amma fa Inna ko mai gyaran rediyo ne ya ce yana tafe, da fura za ta tare shi." Ba da mugunta ta faɗa ba, ta san surukarta ne kawai. Ni ma na san haka ne. Murnar ba ta tafi duka ba, amma ta rage tsawo.

Duk da haka ban daina tallar zobena ba. Duk wanda na zauna da shi sai ya ji labari. A ofis har suna suka sa min, wai sarkin shinge. Na yi wa wani abokin aikina irinsa a ƙofar gidansa, don matarsa ta riƙa sanin ya kusa ta ɗora shayi. Ba a yi nisa ba ya dawo yana roƙona in cire, wai ta gano cewa yana shigowa unguwa da wuri amma sai ya zarce majalisa.

Da damina ta kankama aka fara rigakafin shanu a ƙasar Ikara, aka tura ni can. Aiki ne na sammako. In ɗauko maganin a akwatin ƙanƙara, in ɗaure a bayan babur, in bi ta Makarfi, in yanke ta wata hanya da ke wucewa ta bayan garinmu. Shi maganin nan ba ya son zafi, ƙanƙara na narkewa ya tashi aiki, saboda haka ba a tsayawa gaisuwa da shi. Da yamma kuma in dawo a gajiye, jikina duk warin shanu, ga hadari yana bina a baya. Kullum idan na zo daidai wurin ina hango kan rimin garinmu daga nesa, in ce a raina, bari dai a gama aikin nan. Tawa wayar kuwa ba ta cewa komai, don na kashe mata ƙarar zoben gida saboda kada in riƙa rikita shi da na rugage.

Wata ranar kasuwar Makarfi na tsaya sayen mazarƙwaila, sai na ji an ja min hannun riga ta baya. Auta ce, da kwandon cefane a kai. Ko gaisuwar kirki ba ta bari mun gama ba.

Ta ce, "Yaya, wai kai ba ka san zumunta a ƙafa take ba? Ko sai a taya?"

Na ce, "Me na yi kuma?"

"Ka shigo gari da safe ka fita, ka shigo da yamma ka fita. Ko sannu babu."

"Ni? Rabona da garin tun kafin a fara rigakafi."

"To wayar Inna ƙarya take yi ke nan. Kusan kullum sai ta buga tasa, kafin ka gama alwala kuma ta buga na fita."

Na ajiye mazarƙwailar, na zaro waya, na buɗe taswira na ware ta da yatsu biyu. Ga zoben nan, ga fadama a gabas inda muka yi ta kallo. Na gangara ɗaya gefen da ba wanda ya duba a cikinmu. Bakin zoben ya gutsuri hanyar da nake bi, ɗan guntu kawai, kamar yadda ɓera ke gutsurar ƙuli-ƙuli. Garin shigar da gonar Baba ashe na shigar da titi.

Auta ta sauke kwandonta ta ce, "Da farko-farko, tana jin na shigowa sai ta tashi ta zuba nono a fura. Ka san in an dama ba ta komawa. Yaran maƙwabta har sun fara kumatu. Yanzu ta daina damawa. Amma ko me take yi, ko da tana tsakiyar magana da ni ne, tana jin tasar nan sai ta tsaya cak. Ba ta motsi sai na biyun ya yi. Sannan ta ci gaba da abin da take yi kamar ba komai."

Na ce, "Me ya sa ba ki gaya min tun tuni ba?"

"Ta ce in na faɗa ba ni ba ita. Yanzu ma don na ga abin ya yi yawa ne. Kana wahalar da tsohuwa, Yaya. Wa ya sani ko gani take kana zuwa har bakin gari ka fasa?"

Abu biyu suka haɗu min a ƙirji a tsakiyar kasuwar nan. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji tsoron kada ta ɗauka raini ne. Amma a ƙarƙashin wannan, Allah ya yafe min, wani daɗi ne yake tasowa. Tana tsayawa cak! Saboda ni! Sai da na danne fuskata don kada auta ta ga ina shirin washe baki. Sai dai labarin auta labarin auta ne, tun tana ƙarama in ta ga ƙadangare kada take cewa. Ko ma dai yaya ne, gyara ya zama dole. Na ce mata ranar da ba ni da fita zan zo, ta same ni a can.

Ranar na shiga gari sosai, ba gutsure ba. Na tarar da auta ta riga ni, tana taya Inna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Aka yi gaisuwa yadda aka saba, aka nuna min ƙwarya da haɓa. Na sha kaɗan. Sannan na tashi na shiga ɗakin, na sauko da jakar daga jikin ƙusa, na fito da wayar na zauna a bakin tabarma. Na dubi auta na yi magana da ƙarfi, yadda ake yi a gidanmu idan saƙon na wani ne.

Na ce, "Zoben nan ya yi faɗi da yawa, ya ci titi. Shi ya sa yake ƙara ko wucewa kawai na yi zuwa aiki. Yanzu zan rage shi, ba zai sake yi ba sai in gidan nan zan shigo."

Inna ta jefa ɓawon gyaɗa gefe ta ce, "A bar shi."

Na ɗauka kara ce take yi min, irin ta kada a wahalar da kai. Na ce, "Ai ba wani aiki ba ne, Inna. Kuskurena ne. Yana tayar da mutane a banza." Na ɗora yatsa a bakin zoben na fara janyo shi ciki.

"Na ce a bar shi."

Wannan karon muryar ba ta kara ba ce. Na ɗaga yatsana. Auta ta daina ɓara. Inna ta karkaɗe zaninta, ta juya wajen auta, ita take kallo amma ba da ita take ba.

Ta ce, "Ke da kike da bakin kai rahoto kasuwa, wa ya ce miki wahala nake sha? Ni yarinya ce da ba zan gane na wucewa da na zuwa ba? Da can sai dai in tsinta a bakin mutane, wai an ga wane a hanyar Ikara, wai an gan shi a Kudan. Wani lokaci labarin ya kwana biyu kafin ya iso. Yanzu da kunnena nake ji. In ya buga da safe, na biyun ya biyo, na san an wuce. In rana ta yi sanyi ya sake bugawa, na san an dawo, mota ba ta ture ba, sa bai soka ba. Sai in ci tuwona."

Ban san Inna tana da magana mai tsawon haka a kaina ba. Na zauna da waya a hannu, ina tsoron ko motsi in yi kada ta tuna ina wurin. Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da gyaɗa.

Inna ta ɗauki wata gyaɗar, ta riƙe ba ta ɓare ba. Ta ce, "Ranar da aka yi babban ruwan nan, an wuce da safe. Ba a dawo ba."

Na tuna ranar. Na ce, "Rafi ne ya cika, Inna, ba a iya tsallakawa. Sai na kwana a Ikara wajen wani abokina. Washegari kuma ta wata hanyar muka zagaya."

Auta ta ce a hankali, "Tuwon ranar dai kaji ne suka ci."

Inna ta ce, "Ke, rufe min baki."

Sai ta juyo. Ba bango ta duba ba, ba kaji ba, ba auta ba. Fuskata ta duba, sosai, har na ga yadda idanunta suka fara yin fari-fari a gefe saboda tsufa, abin da ban taɓa samun damar lura da shi ba.

Ta ce, "In za ka kwana a wani wuri, ka riƙa faɗa."

Ka! Ni ke nan, ba wani ba, ba na wajen kowa ba. Da a fili nake da na yi ihu har an ji a fadama. Ita kuwa tuni ta mai da kanta kan faifai, ta ɓare gyaɗar da ke hannunta, tana yi wa wata kaza tsawa.

Na ce, "To, Inna." Na gyara zama na sake faɗa.